Mutum Biyar Da Baƙo Ɗaya: Tarihin Masu Masauki Na Ƙasar Kanada

 

Yau tarihi za mu karanta, tarihin wata ƙasa mai nisa. Amma kafin mu tafi can, ɗan'uwa, bari in yi maka tambaya. In baƙo ya sauka garinku da dare, bai san kowa ba, ba ya jin harshenku, me yake bukata? Za ka ce ruwa, da tuwo, da wurin kwana. Gaskiyarka. To, in gari ya waye fa? Wa zai nuna masa rijiya? Wa zai kai shi gaban mai gari? Wa zai gaya masa nawa ake sayar da tiyar hatsi, don kada a cuce shi a kasuwa? Wannan mutum shi muke kira mai masauki. Fatake sun san darajarsa tun zamanin ayari.

A shekarar 1979 talakawan ƙasar Kanada sun ɗauki wannan aiki don kansu, babu mai biyan su. Sun zama masu masaukin mutanen da ba su taɓa gani ba. Ga yadda abin ya faru.

Ƙasar da aka baro

Can gabas mai nisa, kudu da ƙasar Sin, akwai ƙasashe uku: Biyetnam, da Lawos, da Kambodiya. Faransa ta mulke su kamar yadda ta mulki Nijar. A lokacin sunansu Andoshin. Tsofaffin sojojinmu da yawa sun san wannan suna, don an kai su yaƙi can. Faransa ta sha kashi a 1954, ta fita. Aka raba Biyetnam biyu, arewa da kudu. Sai wani yaƙin ya tashi, Amurka tana goyon bayan kudu. Ran 30 ga Afrilu 1975 sojojin arewa suka shiga Saigon, babban birnin kudu, yaƙi ya ƙare.

Yaƙi ya ƙare, amma wahala ba ta ƙare ba. Waɗanda suka yi wa tsohuwar gwamnati aiki, aka kwashe su aka tsare a sansani, wasu shekara da shekaru. Aka kori mutanen birni zuwa daji su yi noma. A 1978 gwamnati ta rufe kantunan ƴan kasuwa na kudu, kuma yawancin masu su ƴan asalin ƙasar Sin ne. A farkon 1979 Sin da Biyetnam suka gwabza yaƙi a kan iyaka. Daga nan zama ya gagari duk wanda kakanninsa suka zo daga Sin.

Mutane suka fara gudu. Hanyar da ta rage wa yawancinsu ita ce teku. Mutum ya sayar da abin da ya mallaka, ya biya mai jirgi da zinariya, ya shiga ƙaramin jirgin masunta shi da iyalinsa. Jirgin da aka yi don mutum ashirin sai ya ɗauki ɗari. Ruwan sha ya ƙare a hanya. Iska ta kifar da wasu. Ƴan fashin teku suka tare wasu, suka kwashe dukiya, suka ci mutuncin mata. Dubban mutane sun mutu a ruwa. Daga 1975 zuwa 1995, kusan mutum 800,000 ne suka kai gaci da ransu.

Waɗanda suka tsira sun sauka ƙasashen maƙwabta, kamar Maleshiya da Tailan. A watan Yuni 1979 kaɗai, mutum fiye da 54,000 suka iso. Akwai wani ɗan tsibiri a Maleshiya, sunansa Bidong. A wannan wata mutum kimanin 40,000 ke cushe a kansa. Maƙwabta suka gaji. Suka fara tura jirage su koma cikin teku.

Jirgin da aka hana tsayawa

A watan Nuwamba 1978 wani tsohon jirgin kaya mai suna Hai Hong ya iso bakin ruwan Maleshiya. Mutum wajen 2,500 ne a cikinsa. Hukuma ta hana su sauka. Suka yi kwanaki a kan ruwa, cikin zafin rana, yara suna ciwo. Masu ɗaukar hoto suka nuna wa duniya halin da suke ciki.

Cikin waɗanda suka ga hotunan akwai mutanen Kanada. Ita Kanada tana arewa da Amurka. Ƙasa ce mai faɗi ƙwarai, amma mutanenta a lokacin ba su wuce miliyan 24 ba. Suna aiki da harshe biyu, Ingilishi da Faransanci. Sanyinta ya wuce misali. In hunturu ya shiga, ruwan tafki yakan daskare har mutum ya yi tafiya a kai.

Gwamnatin Kanada ta ɗauki mutum 604 daga cikin jirgin Hai Hong. Aka kai su birnin Monreyal a jirgin sama, daidai shigowar sanyi. Mutanen gari suka kawo riguna da takalma. Daga nan jama'a suka fara tambayar juna: sauran da ke can fa?

Dokar mutum biyar

Ashe akwai wata sabuwar doka da mutane ba su kula da ita ba. An yi ta a 1976, ta fara aiki a 1978. Dokar ta ce in mutum biyar baligai suka haɗu, ko wata ƙungiya, suna iya ɗaukar nauyin iyali guda na ƴan gudun hijira. Gwamnati ce za ta bincika mutanen, ta ba su takardun zama. Su kuma masu masauki za su sa hannu a takarda, su yi alkawarin shekara ɗaya. Cikin wannan shekara, gida, da abinci, da sutura suna wuyansu. Su ne za su sa yara lakwal, su nema wa manya aiki.

Ka lura da hikimar da ke ciki. Ba a ce mutum ɗaya ba, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In ɗaya ya yi ciwo ko ya yi tafiya, saura huɗu. Kuma an yanka lokaci. Baƙo ya san ranar da zai tsaya da ƙafarsa, mai masauki ya san iyakar alkawarinsa.

Waɗanda suka fara sa hannu da gwamnati su ne wasu Kiristoci da ake kira Menonawa, a watan Maris 1979. Akwai dalili. Kakanninsu ma ƴan gudun hijira ne. Bayan 1920, kimanin 20,000 daga cikinsu sun gudo daga Rasha, ƴan'uwansu na Kanada suka sauke su. Wanda ya taɓa kwana a zauren wani ba ya mantawa. Bayansu sai sauran coci-coci da ƙungiyoyi suka biyo.

Ƙofar da aka taɓa rufewa

Kada ka ɗauka Kanada kullum haka take. A 1939 wani jirgin ruwa mai suna St. Louis ya taso daga Jamus da Yahudawa fiye da 900, suna gudun Hitila. Kuba ta ƙi yawancinsu, Amurka ta ƙi, Kanada ma ta ƙi. Jirgi ya koma Turai. Daga baya aka kashe 254 daga cikin mutanen.

A 1979 wasu malaman tarihi biyu, Irving Abella da Harold Troper, suna cikin binciken wannan abin kunya. Sai suka aika wa ministan da ke kula da shigar baƙi, Ron Atkey, abin da suka rubuta. Suna jan kunnensa kada a sake. Ministan ya karanta, abin ya shige shi. Ka ga amfanin rubuta tarihi: abin da aka yi shekara 40 baya ya zo ya taɓa zuciyar mai mulki.

A watan Yuni 1979 gwamnati ta ce mutum 8,000 za ta ɗauka a shekarar. A watan Yuli 1979, gwamnatin Joe Clark ta ɗaga adadin zuwa 50,000 kafin ƙarshen 1980. Ta kuma yi wa jama'a alkawari: duk mutum ɗaya da talakawa suka ɗauki nauyinsa, ita ma za ta ɗauki ɗaya. A cikin watan ne kuma ƙasashe 65 suka taru a Janeba, kowace ta faɗi abin da za ta iya.

Gayya ta tashi

A birnin Toronto akwai wani malamin jami'a, Howard Adelman. A watan Yuni 1979 ya tara maƙwabta a gidansa don su rubuta wa gwamnati takarda. A wurin taron ne suka ji labarin dokar mutum biyar. Sai suka ce maimakon takarda, su fara da kansu. Suka kafa ƙungiya mai suna Operation Lifeline, wato igiyar ceto. Wata jarida ta buga labarin. Tun da asuba waya ta fara ƙara a gidansa. Cikin ɗan lokaci ƙungiyar ta yi rassa da yawa a faɗin ƙasa.

A Otawa, babban birnin ƙasar, magajin gari mace ce, sunanta Marion Dewar. Da ta ji gwamnati ta ce 8,000, sai ta ce garinta zai ɗauki rabi. Aka sa wa aikin suna da wannan adadi, 4,000. Ta kira taro a watan Yuli, mutum wajen 3,000 suka hallara.

Ka san yadda gayya take a ƙauye. Mutum ɗaya ya yi kira, kowa ya fito da hauyarsa. Haka aka yi. Ma'aikatan ofis guda suka haɗa kuɗi. Ƴan unguwa ɗaya suka haɗa. Manoma a ƙananan garuruwa, inda ba a taɓa ganin mutumin Biyetnam ba, suka haɗa. Ƙungiyoyi kimanin 7,000 aka kafa.

Talakawa suka yi wa gwamnati fintinkau, har ta kasa cika alkawarin ɗaya da ɗaya. A ƙarshen 1979 ta janye shi, masu masauki suka ji haushi ƙwarai. Da aka sake gwamnati a 1980, sabuwar ta ƙara mutum 10,000. Daga 1979 zuwa 1980, mutum 60,000 da ɗoriya suka shiga Kanada daga Biyetnam, da Lawos, da Kambodiya. Kimanin 34,000 talakawa ne suka ɗauki nauyinsu, 26,000 kuma gwamnati.

Ba kowa ya so ba. Wata ƙungiya ta sayi fili a jaridu, tana tsorata mutane cewa baƙin za su jawo danginsu su cika ƙasa. Mutane da yawa sun ce adadin ya yi yawa, aiki ma bai ishi ƴan ƙasa ba. Irin wannan magana ka san ta, don ana yin ta ko'ina baƙi suka yi yawa. Masu masauki ba su tsaya gardama ba, suka ci gaba da aikinsu.

Aikin mai masauki

To, mene ne aikin? In jirgin sama ya sauka, akan kai baƙi barikin soja a Monreyal ko a Edmonton. Likita ya duba su, a ba su rigunan sanyi, su huta kwana kaɗan. Daga nan a tura kowane iyali garin masu masaukinsa.

Kafin su iso, an kama haya. Wannan ya kawo gado, wancan ya kawo tukunya, wata ta kawo bargo. Ranar isowa, masu masauki su je su tarye su. Sau da yawa ba mai jin harshen wani, sai magana da hannu.

Washegari ainihin aiki yake farawa. Baƙo yana da ido, amma a sabon gari kamar makaho yake. Sai an nuna masa yadda ake kunna murhu. Sai an koya masa shiga motar haya, da inda zai sauka. Sai an raka shi kanti ya ga inda ake sayar da shinkafa, don ita ce abincinsu. Sai an koya wa uwa yadda za ta naɗe yaro kada sanyi ya ci masa yatsu. Wani ya kai yara lakwal. Wata ta raka mai ciki gidan likita. Wani ya zauna da maigida su cika takardu. Wani ya je wurin mai kamfani ya ce: ga mutum, na tsaya masa, ka gwada shi. Da dare manya su tafi ajin koyon Ingilishi ko Faransanci, wata ta zauna musu da yara.

Duba da kyau. Yawancin wannan aiki ba na kuɗi ba ne, na ƙafa ne da na haƙuri. Gwamnati tana iya ba mutum takarda da kuɗin abinci. Amma ma'aikacin gwamnati yana tashi daga aiki da yamma. In yaro ya kamu da zazzaɓi da tsakar dare, ƙofar maƙwabci ake bugawa.

Cikin yaran da aka sauke haka akwai wata yarinya ƴar shekara goma, sunanta Kim Thúy. Ta bar Saigon a jirgin ruwa, ta zauna sansani a Maleshiya, aka kai iyalinta wani gari mai suna Granby a jihar Kebek. Ta koyi Faransanci a can. Da ta girma ta zama marubuciya. Littafinta mai suna Ru, wanda ya fito a 2009, ya ci babbar kyautar adabi ta Kanada a 2010.

Inda aka yi tuntuɓe

Tarihi na gaskiya ba ya ɓoye aibu. Wani likita mai suna Morton Beiser ya bi sawun baƙi fiye da 1,300 a yankin birnin Bankuba, daga 1981 zuwa 1991. Shekara goma yana komawa wurinsu yana tambaya.

Ya samu labari mai daɗi. Bayan shekara goma, rashin aiki a cikinsu bai kai na sauran ƴan ƙasa ba. Kuma waɗanda talakawa suka sauke sun fi waɗanda gwamnati ta sauke samun gindin zama.

Ya samu kuma wanda ba shi da daɗi. Baƙi da yawa ba su gane dalilin da ya sa wanda ba danginsu ba yake yi musu hidima. Sai hankalinsu ya ƙi kwanciya, suna jiran ranar da za a ce su biya. Wasu masu masauki sun cika shisshigi. Suna shiga gida ba sallama, suna yanke wa magidanci shawara kamar yaro. Wasu baƙin kuma, da yake addininsu dabam ne da na masu masauki, sun ji kamar dole ne su bi su wurin ibada don nuna godiya. Likitan ya ga irin waɗannan sun fi shiga baƙin ciki. Ya kuma ga wanda ya samu mutanen ƙasarsa kusa, masu jin harshensa, ya fi samun sauƙin zuciya.

Darasin a fili yake. Mutumin da ya rasa gida da gona, abin da ya rage masa shi ne mutuncinsa. In ka ba shi tuwo ka karɓe mutuncin, ka ƙware shi.

Yabo, da abin da ya biyo baya

Majalisar Ɗinkin Duniya tana da hukumar kula da ƴan gudun hijira, wadda muka sani da HCR. Tana ba da wata lambar yabo mai sunan Nansen, wani mutumin Norwe da ya fara riƙe irin wannan aiki a 1921. A 1986 ba a ba wani shugaba ko wata ƙungiya ba. Aka ba jama'ar Kanada baki ɗaya.

Dokar mutum biyar ba ta mutu da wannan zamani ba. A 2011 yaƙi ya tashi a Siriya. Ran 2 ga Satumba 2015 aka tsinci gawar wani ƙaramin yaro ɗan Siriya, Alan Kurdi, a bakin teku a Turkiyya. Gwaggonsa tana zaune a Kanada. Hoton ya girgiza mutane, gayya ta sake tashi. Daga Nuwamba 2015 zuwa ƙarshen Fabrairu 2016, mutanen Siriya 25,000 suka shiga Kanada, da yawansu a hannun masu masauki. Cikin masu masaukin har da mutanen Biyetnam da aka sauke shekara 36 baya. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Ga misali ɗaya. Iyalin Hadhad suna da masana'antar alewar cakulan a Damaskus, bom ya rushe ta. Suka gudu Labanan. Mutanen wani ƙaramin gari mai suna Antigonish suka ɗauki nauyinsu. Da suka ga sana'ar hannun maigidan, sai masu aikin katako da na lantarki na garin suka taru suka gina masa ɗan shago a 2016. Sana'a ta bunƙasa, har iyalin suka ɗauki ƴan garin aiki. Masu masaukin sun tambayi abin da baƙo ya iya, suka buɗe masa hanya.

Zuwa 2019, shekara 40 da farawa, talakawan Kanada sun sauke mutum fiye da 327,000. Wasu ƙasashe suka kwaikwaya: Ingila a 2016, Jamus a 2019. Amurka ta fara a 2023, ta tsayar a 2025. Ita ma Kanada, a watan Nuwamba 2024 ta dakatar da karɓar sababbin takardu daga ƙungiyoyin mutum biyar, ta ce waɗanda ke jira sun yi yawa. Ka ga ƙofar gwamnati tana buɗewa, tana rufewa.

Mu fa?

Wataƙila ka ce: Malam, waɗannan masu arziki ne, mu ina ruwanmu? Tsaya ka ji. Bisa lissafin HCR, cikin ƴan gudun hijira goma na duniya, wajen bakwai suna zaune ne a ƙasar da ke maƙwabtaka da tasu. Ba ƙasashen masu arziki ne suka fi ɗaukar wannan kaya ba.

Mu nan mun gani da idonmu. A 2012 mutanen Mali sun shigo jihohin Tilaberi da Tawa. Daga 2013 mutanen Barno sun shigo jihar Difa. A 2019, ƴan bindiga suka kori mutanen ƙauyukan Zamfara, da Sakkwato, da Katsina. Kafin ƙarshen Satumba, fiye da 40,000 sun ƙetaro jihar Maraɗi, musamman yankin Gidan Rumji, yawancinsu mata da yara. Baƙin Kanada a jirgin sama suka zo, an san ranar zuwansu, an ƙidaya su. Namu a ƙafa suka zo, wasu da dare. Kafin motar agaji ta iso, talakawan ƙauye ne suka buɗe ɗakuna, suka buɗe rumbu. Daga baya hukuma da HCR suka matsar da wasu nesa da iyaka, zuwa garuruwa irin su Garin Kaka da Cadakori.

Saboda haka ba Kanada ce za ta koya mana karɓar baƙo ba. Amma akwai dabaru a tarihinta da za su amfane mu, don alherin da ba shi da tsari yakan gaji da wuri.

Na ɗaya, kada a bar wa gida ɗaya nauyi. Gida biyar su haɗu a kan iyali guda. In rumbu ɗaya ake ɗiba, kafin damina ya ƙare, zumunci ya koma gaba.

Na biyu, a raba aiki. Wani ya kai baƙo gaban mai gari, ya raka shi inda ake rubuta sunayen ƴan gudun hijira, don wanda ba a rubuta ba yakan rasa taimako. Wani ya sa yara lakwal da makarantar allo. Wata ta raka mata awon ciki da rigakafin yara. Kai da ka iya karatu, ka karanta masa takardarsa, ka nuna masa wadda zai adana.

Na uku, a tambayi baƙo sana'arsa. In manomi ne, a ara masa gona a gaban shaidu, a faɗi shekara nawa, don kada rigima ta taso gobe. In maƙeri ne ko maɗinki, a nema masa kayan aiki. In mace tana ƙuli-ƙuli ko saƙa, a sa ta cikin adashin mata.

Na huɗu, a kiyaye mutuncinsa. Kada a matsa masa ya ba da labarin abin da ya gani. In ya so, zai faɗa. Kada a sa shi ƙwadago a rage masa lada don an ga ba shi da mafita. Kada a nemi auren ƴarsa ƙarama da sunan taimako. Kada a bar yara su riƙa kiran ƴaƴansa da sunan gori.

Na biyar, a kai masa goron suna da na biki. In an yi masa rasuwa, a je a zauna. Zumunta a ƙafa take. Ranar da baƙo ya fara kawo maka nasa goron, ka san aikinka ya yi kyau.

Ɗan'uwa, babu wanda ke barin gonarsa da kabarin iyayensa don daɗi. Mutanen Saigon ba su taɓa zaton za su kwana a ƙasar ƙanƙara ba. Mutanen Zamfara ba su shuka gero don su bar shi a gona ba. In akwai irin waɗannan baƙi a garinku, ka karanta wa maƙwabtanka wannan tarihi, ka nemi mutum huɗu, kai ne na biyar.

Allah ya mai da kowa gidansa lafiya. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.